Ƙyauren Tasalla

Ni aka ba rajista,
don ni ne malamin aji huɗu,
kuma ajina ne ya zama gari.

Daren da kogin Haɗeja ya manta hanyarsa
ya je ya kwana a Kukar Ilu,
da hantsi suka iso mana nan tudu,
wasu a kwalekwale, wasu a amalanke,
wasu da ƙafar da Allah ya ba su.

Lissafin da na bari a allo ran Alhamis
yana nan: tara a cire huɗu.
Ba wanda ya goge.
Ƙarƙashinsa aka ɗaura igiya, aka rataya zannuwa,
aji ɗaya ya haifi gida bakwai.

"Suna?" "Barau."
"Sana'a?" "Su."
"Iyali nawa?"
Ya ɗaga yatsu shida, ya dubi ƙasa,
ya lanƙwashe ɗaya.
Na rubuta biyar. Biro bai yi gardama ba.

Sai ga Tasalla, tsohuwa,
ba tabarma, ba tukunya, ba ko ludayi.
Ƙyaure ta ɗauko a ka,
na langa-langa, da kwaɗonsa a maƙale,
mabuɗi ƙulle a bakin zani.
Na ce, "Iya, rajista ba ta da gurbin ƙofa."
Ta ce, "To, yi mata.
Ɗaki ya narke kamar gishiri a miya,
wannan kaɗai ya ƙi."

Motar agaji ta zo wata Talata,
buhu ashirin, hoto ɗari.
Aka jera su a rana,
aka ce kowa ya ɗaga bargonsa sama don ya fito.
Sun gode. Shinkafar ta yi kwana tara.
Abin da ya riƙe su har kaka
kwanon tuwo ne mai tsallako danga bayan magariba
daga gidajen da su ma da tafi suke awo,
da Kyauta mai ƙosai
wadda ta daina ƙirga na yara.

Kada in yi wa garinmu kwalliya.
An yi cacar baki a bakin rijiya,
guga goma, rami ɗaya.
An ce awakinsu sun ci wake.
Ni kaina na yi gunaguni,
wata biyu ina karantarwa a gindin darbejiya,
iska na kwashe mini wasula.

Da ruwa ya janye aka ce kada su koma.
Mai unguwa ya yanka musu fili
bayan gonar Shekarau, yashi zalla.
Barau ya duƙa ya damƙi ƙasar,
ta zurare ta tsakanin yatsunsa.
Ya ce, "Nan ko kwaɗo sai da guzuri."
Yanzu tarunsa na shimfiɗe kan rumfa,
kabewa ce ke faɗawa ciki.
Shekarau na nuna masa yadda ake yafa riɗi,
da furfurarsa yana cewa, "Sake nuna min."
Wani lokaci cikin aiki ya tsaya cak,
ya juya hanci gabas.

Ita kuwa Tasalla,
tun ba a buga tubali ko ɗaya ba
ta sa aka kafa azara biyu,
aka rataya ƙyauren a tsakiyar fili.
Ba bango dama, ba bango hagu.
Da almuru ta kulle, da asuba ta buɗe.
Yara na dariya, kaji na zagayawa.

Jiya na kai mata takardar fili,
lamba arba'in da ɗaya.
Tana zaune tana tsince wake, muna ganin juna.
Na zo zan ratsa ta gefe,
ta ɗaga mini hannu.

Na koma da baya.
Na tsaya gaban ƙyaure, na cire takalmi,
na yi sallama.

Ta ɗan jinkirta,
kamar mai laluben mayafi a ƙuryar ɗaki,
sannan na ji motsin mabuɗi.
Ta ce, "Wane ne da ranar nan?
Shigo daga ciki."