Mai Rubutun Allo

Shekara ashirin da uku ina kan tsani,
buroshi a dama, gwangwanin fenti a hagu,
ina rubuta sunayen matan da ke zuwa
gasar golf a garinmu na bakin tafki, a Michigan.
Jan fenti ga wadda ta rage bugu, baƙi ga wadda ta ƙara.
Kafin tafi ya iso daga rami na sha takwas
hannuna ya riga ya san wadda za ta kwana da ƙwalla.

Shekarar farko ba mu kai ɗari biyu ba a bayan igiya.
Kamfanin ruwan tuffa ne ya zuba kuɗin,
kuɗin da ko tsohuwar mota ba su saya.
Su huɗu-huɗu suke zuwa a mota ɗaya,
sanduna a baya, dutsen guga a cinya,
mu raba su gida-gida.
Glenda Szymanski a gadon ɗana ta kwana,
ta shanya safarta a marfin tagata.
Ran Lahadi ta cinye gasar,
ni ko, don rawar jiki, na tsallake harafi a sunanta.
Ba ta taɓa kofin ba sai da ta hau tsanina,
ta karɓi buroshin, ta cusa shi da kanta.
Ta ce, “Sunan ubana ne, Noreen,
ma'aikatar ƙarfe ta ci yatsunsa biyu,
kada ke ma ki rage masa.”

Daga baya talabijin ya zo da wayoyinsa,
sunaye suka soma tsallako teku.
Na koyi rubuta Lindqvist ba gargada,
na koyi Yun Mi-ok, 'yar shekara sha tara,
wadda ubanta ke saɓa mata jaka.
Ranar da hadari ya kora mu rumfar tarakta
ta buɗe kwanon shinkafarta, ta bi mu ɗaya-ɗaya.
Da ruwan ya ɗauke, duhu ya riga ya sauka.
Muka jera motoci, muka kunna fitilu,
ƙwallonta ya yi tafiyar hawainiya kan jiƙaƙƙiyar ciyawa,
ya tsaya a baki kamar mai sallama,
sannan ya faɗa.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.
Ni na gani da ido, ni ke sauya musu layi.

Ba gobara aka yi ba, ba rigima.
Wani babban kamfani ya haɗiye namu,
wasiƙa ta zo cikin sanyin Janairu,
layi uku, da godiya a ƙarshe.
Wadda ta ɗaga kofin a bara
ba ta san ita ce auta ba,
har ta ce in ajiye mata ɗaki baɗi.

Yau gidaje ne a kan rami na tara,
wani ya kafa lilon yara inda tuta take.
Dinya ta gaje kududdufin,
kofin yana ɗakin karatu na gari,
an jingina masa sanarwar ɓatan kyanwa.

Makon jiya jikata Wren tana haƙar dankali
ta tono ƙwallo, ya yi rawaya, da ɗigon ja guda biyu.
Ta ce, “Kaka, na wace ce?”
Na juya shi, na juya, ban tuna ba.
Sai na kai ta gareji, na yaye tamfol,
alluna ashirin da uku jingine da bango.
Ta bi na farkon da yatsa, tana haɗa baƙi,
ta tsaya kan harafi ɗaya, karkatacce, mai kauri.
Ta ce, “Wannan ba rubutunki ba ne.”
Na ce, a'a.