Mai Cigiya

Takardar kuɗin waya ta zo ran Talata.
Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa:
dubu goma sha bakwai da ɗari huɗu.
Shagon da ke rufe tun isha'i,
ina ya sami bakin hira da duniya?

Ga jerin kira nan, layi bisa layi:
ɗaya da kwata na dare, ɗaya da rabi,
biyu saura kwata, biyu daidai.
Ƙofar Ƙaura ta yi tsit, ko kare ya gaji da haushi,
amma wani a shagona idonsa biyu,
yana ɗaga waya.

Na fara da Rabe, don shi ke riƙe da makulli.
Yaron ya rantse har muryarsa ta shaƙe,
ya aje makullin bisa tebur, ya fita ko karyawa bai yi ba.
Mai shayin gefe ya ce mutanen ɓoye ne,
in nemo garwashi da turare.
Na ce aljanin da ke kira duk bayan minti sha biyar
ai agogo gare shi,
hayaƙi ba ya korar irinsa, sai bibiya.

Na'urar, ɗan aike muka maishe ta.
Tana zaune shiru, ba ta taɓa layi,
sai wata kwamfuta ta ce ina da saƙo waje,
sannan ta zabura, ta buga lamba,
ta yi kukan nan nata na gyare a gwangwani,
ta buɗe hanya.

Sai na kwana a shago.
Tabarma, tocila, biro, bayan tsohuwar kalanda.
Kwamfuta huɗu, na bar su kunne yadda muka saba.
Ɗaya da kwata: ƙirrr.
Na zare igiyar ta bakin ƙofa.
Ɗaya da rabi: ƙirrr. Ba ita ba ce.
Na zare ta biyu, mai buga katin biki.
Sauro ya ci rabonsa. Ƙirrr.
Ta uku ma ta fita da gaskiya.

Saura ta lungu, wadda haruffanta suka goge,
ba mai taɓa ta sai aiki ya yi yawa.
Na buɗe kundin da na'ura ke rubuta shige da fice,
na bi shi da yatsa, tsintar tsakuwa a shinkafa,
lamba, lamba, lamba,
sai ga suna a tsakiya.

Sada.

Sunan da yayana ya raɗa wa tasa ke nan, sunansa,
ranar da muka jona su biyu da igiya ɗaya.
Ya ce ga taka ga tawa, su riƙa gaisawa.
Mun sayar da ita bayan sadakar arba'in,
wani ɗan Jibiya ya ɗaure ta a bayan mashin.
Ba wanda ya gaya wa ta lungu.
Duk kwata sai ta leƙa ɗaki: ina Sada?
Ɗaki shiru.
Shekara guda tana haka ba mai ji,
sai bana da ta sami ɗan aike
take ce masa, fita waje ka tambaya.

Gyaran bai kai minti biyu ba.
Layi ɗaya ne: goge sunan, danna, shi ke nan.
Na zauna da yatsa bisa maɓalli
har aka kira assalatu.
Na bar ta ta sake kira sau ɗaya,
naira talatin, na ce wannan ni zan biya.

Sannan na goge.

Da hantsi na sayi ƙosai, na nufi Rafindaɗi,
na yi sallama da Rabe, na miƙa masa makulli,
bakina ya kasa dogon bayani.
Ya ce, Maigida, an kama ɓarawon?
Na ce ba ɓarawo ba ne,
mai cigiya.

Takardar wannan wata ba ta kai dubu biyu ba.
Amma daren jiya, ɗaya da kwata, na farka a gida.
Ba ƙara, ba motsi.
Ni kaɗai, na kasa kunne,
ina jiran waya.