Shuɗin Zaren Endris

A Wollo, Endris masaƙi, kakan mahaifiyata,
sunansa biyu ne: na kasuwa da na ɗaka.
Shekarar da aka yi shela daga Boru Meda,
kowa ya shiga ruwan baftisma ko ya san inda dare ya yi masa,
ya shiga.
Ya fito da shuɗin zare a wuya, ana kiransa Gebre Maryam.
In dare ya raba sai ya tokare ƙofa da buhun tef,
ya fuskanci arewa, can alƙiblarmu take,
ya yi sallar da ba ladan.

Ɗansa Yimer ya gaji masaƙa, bai gaji gona ba.
Takarda ta zo daga Addis Ababa da hatimin zaki,
zancen gadon sarauta ya cika ta.
Ta biyu ta kira coci guda da sunanta,
ta ce wannan ce ta ƙasa,
saura ku yi ibadarku, kada dai a ji ƙura.
Yimer bai ɗago daga ƙoshiya ba.
Ya ce baƙo ma ana shimfiɗa masa tabarma,
makullin gida ne ba a ba shi.

Soja suka zo.
Suka sa Idi a kalanda da hannun dama,
da hagu suka ce Allah ya jira a waje.
Mahaifiyata Lubaba ta ga shehi da firist
a layin sukari ɗaya, kowa da katinsa.

Ni na karanta mata ta ƙarshe, a tsakar gidanmu na Dese,
tana suyar buna, hayaƙi na shiga idona:
ƙasa ba ta da addini,
ba ta shiga masallaci, coci ba ya shiga fada.
Ta ce sake.
Na sake.
Ta juya kasko, ta ce to, wa zai karanta wa ɗan sanda?

Makon nan maƙwabciyarmu Tiruwork ta aurar da ɗiya.
Sa biyu ta sa aka yanka, wuƙa biyu, tukunya biyu,
don kada kowa ya koma da yunwa.
Na duba, ba sashen da ya umarce ta.

Zaren Endris na nan cikin gwangwanin shayi.
Jiya na ɗauko zan saƙa shi a bakin mayafi,
ya tsinke a hannuna.
Na ƙulla, na mayar.