Kwalba Uku Cikin Safa

A hawa na huɗu, a birnin Lodz,
bayan masaƙar da ta daina saƙa,
Genowefa ta share tebur da gefen hannu.
Jibi za a binne Lucjan.
Mutum talatin za su zo cin abincin makoki,
kuma a unguwar nan ba a sallamar mamaci da shayi.

Ta ƙirga kuɗin fansho sau biyu, bai ƙaru ba.
Ta zaga kantuna uku cikin dusar ƙanƙara,
kowane kanti da bodkarsa mai sunan gida,
wadda ake jerawa can ƙasan kanta,
sai ka durƙusa kafin ka ɗauka,
kamar mai gaida surukai.

Ta zura wa kowace kwalba safar mijinta:
ɗaya baƙa, ɗaya ruwan toka,
ɗaya mai huji a diddige,
don kada ido ya riga harshe yanke hukunci.
Ta kira Teofil, ta kira Remigiusz,
shekara talatin suna saƙa layi ɗaya da marigayi.
Ga baƙin burodi, ga kokwamba mai tsami,
ga finjali biyu. Ita ba ta sha.
Biro ta riƙe, da bayan rasit.

Baƙar safa aka fara.
Teofil ya kurɓa, ya runtse ido, ya daki ƙirji:
"Wannan ai da ita ake wanke allura a asibiti."
Remigiusz ya ce ta sauka kamar an haɗiyi ƙaya,
amma ya miƙa finjali a ƙara,
wai shaida ɗaya ba ta isa a ɗaure mutum.

Mai ruwan toka ta zo da ladabi.
Ba ƙuna, ba wari, ba komai.
"Kamar ma'aikacin banki," in ji Teofil,
"ya yi maka murmushi, ka fita ba ka tuna fuskarsa."
Genowefa ta rubuta: babu laifi.
Ta duba farashi a ɓoye, zuloti shida ta ɗara sauran.
Shida sau goma sha biyu,
kuɗin furannin kabari kenan.

Sai mai huji a diddige.
Remigiusz ya shinshina, ya ɗaga kai.
Teofil ya sha, bai taɓa kokwamba ba.
Agogon bango ya yi ta aikinsa shi kaɗai.
"Gienia, kin yi mana wayo.
Wannan ai ta Lucjan ce,
mai tsadar nan, mai kwalbar wuyan zalɓe,
wadda yake fitarwa ran suna da ran Kirsimeti,
yana zuba mana da awo kamar turare.
Ko a mafarki na san ɗacin nan mai zaƙi a ƙarshe."

Ta janye safar.
Takarda fara, rubutu ja, hoton alkama a karkace.
Duk cikin ukun ita ce ƙanwa a farashi.

Ta tashi ta buɗe kabad ɗin ƙasan famfo,
ta fito da kwalbar wuyan zalɓe, wayam,
da ƙaramin mazurari na roba, ya yi rawaya don tsufa.
"Sau ɗaya ya taɓa sayenta," ta ce,
"shekarar da aka haifi Iwona."

An ce araha ba ta ado.
To, ga ta nan, shekara ashirin da bakwai cikin rigar aro,
ana yi mata kirari.

Teofil ya yi dariya har ta koma tari,
tarin ya koma wani abu dabam,
ya juya yana kallon taga.
Remigiusz ya ce, "Ɗan banza," a hankali,
yadda ake kiran sunan ɗan'uwa.

Ta rubuta: goma sha biyu, mai huji.
Ta ɗauraye mazurarin ta kife.
Jibi akwai baƙi daga Warsaw.