Harafin Tsakiya

Ran Talata, sanyin Jos ya hana yatsu riƙe alli,
sai na kwashi 'yan aji biyar muka yi filin makaranta,
da igiyar shanya da na aro wurin matar maigadi.

Asabe, tsaya can. Cundung, ke kuma nan.
Bitrus, zo tsakiya, riƙe a ƙugu, ban da motsi.
Igiya ta bar Asabe, ta sha kwana a jikin Bitrus,
ta miƙe sai hannun Cundung.
To, ina kusurwa?
Baki talatin: tana wurin Bitrus!
Shi kuwa sai hura hanci yake
kamar an ba shi Gangare kyauta.

Muka koma allo.
Na zana ɗan bakin tsuntsu a buɗe, haruffa uku na biye:
∠ABC.
Na gefe 'yan rakiya ne,
na tsakiya shi ne mai gida.
Ka yi sallama ta A, ka yi ta C, duk ɗaya,
muddin ba ka tashi mai gida daga ɗakinsa ba.

Safiyanu ya rubuta ∠BAC, ya kawo yana murmushi.
Na ce, wasiƙa ta yi kyau,
sai dai gidan maƙwabci ka kai ta.

Jinjirin watan nan da ake lanƙwasawa a lungu
cewa yake: da nan ake magana.
Ka ga lungu biyu da wata iri ɗaya, tagwaye ne.
Ɗan ƙwan da ke zaune a kafaɗar lamba
digiri ne, ba sifiri ba.
Rifkatu ta sauko da shi ƙasa,
sittin ta wayi gari ɗari shida.
Aka yi dariya, har da ita.

Na zana ɗan akwati a lungu, ban ko buɗe baki ba,
sai hannu daga bencin baya.
Nanle ne, wanda tun farkon zango bai ce uffan ba.
"Malama, sukwaya ce. Babana na da ita a Katako.
In ƙofa ba ta yi haka ba, ba ta rufuwa."

Wata biyu ina cigiyar muryar yaron nan,
ashe tana kwance cikin digiri casa'in.

An kaɗa ƙararrawa, hadari ya taso daga Shere.
Na leƙa taga, ga su can a bakin get,
igiya har yanzu a hannunsu,
ana gardamar wa zai shiga tsakiya,
matar maigadi na tsaye da jiƙaƙƙen wanki a bokiti
tana neman wanda za ta kama.