Kwandon Ña Fidelina

Ƙarfe uku na dare, zakara bai tuna aikinsa ba,
na hura wuta a bakin tanderun laka.
Tatakua muke ce masa, ramin wuta.
Kakata ta ɗaura shi da jar ƙasar Barrero,
har yau ga shatin yatsunta a ƙugunsa.

Garin rogo, ƙwai, kitse, cukun da ya kwana biyu,
in murza har kafaɗa ta fara gunaguni,
in naɗe kamar awarwaro,
in jere bisa ganyen ayaba.
Wuta ba ta son gaggawa, ba ta kuma yafe mantuwa.

Da hantsi ina bakin titi,
gammo a ka, kwando a kan gammo,
farin ƙyalle a kan kwando yana riƙe ɗumi.
Motar Asunsiyon ba ta tsayawa, sai dai ta yi tari,
in ɗare ta kamar budurwa, ni mai shekara sittin da ɗaya.
Chipa! Chipa da zafinta!
Soja ya farka, malamar makaranta ta laluba jaka,
wani mai kwat ya kau da kai,
amma hancinsa ya ci amanarsa.

Harshe biyu gare ni, bakina ɗaya.
Da Sifananci nake ƙirga canji,
da shi nake gaida likita da mai karɓar haraji.
In ƙafa ta yi tuntuɓe, in zuciya ta yi nauyi,
in zan yi wa Casildo direba tsiya,
Gwarani ne ke fitowa ba sallama.

Rana ta take, kwalta ta fara narkewa,
mu taru a inuwar tajy, furensa na zubo mana a ka.
Ganyen yerba a ƙahon sa, ruwan ƙanƙara,
na'a-na'a da saiwar da Eulalia ta daka a turmi.
Bututu ɗaya, baki bakwai.
Ƙaho na zagayawa, gulma na bin sa a baya,
wanda ya ce na gode ya fita daga layi,
shi ya sa godiyarmu kan makara.

Zunilda tana can Madrid tana wanke tsohuwar wasu,
ta bar mini ɗanta, ta bar mini wayar da ba na iya latsawa.
Nicanor, in tambaye shi da harshen kakata,
ya amsa mini da harshen talabijin.
Na yi faɗa, na yi lallashi, na haƙura.
Icen da aka dasa a tukunya, ka ce masa me?

Jiya ya tashi tare da ni, ba wanda ya tashe shi.
Ya tsuguna yana leƙen garwashi,
ya miƙa hannu ga wadda ta fi ja.
Haku! ya ce, yana yarfe yatsu, haku, haku!
Da zafi, wato. Da Gwarani.

Na tsoma hannunsa a ƙwaryar ruwa,
yana kuka, ni ina ɓoye fuska a ƙyalle.
Chipa goma sha biyu suka ƙone a kwanon ƙarshe.
Ban ƙirga su cikin asara ba.