Matakala ta Goma Sha Bakwai

Shekara tara ina gyaran agogo
a gindin gadar ƙafa, nan Agege,
ba wanda ya taɓa tambayar sunanta.
Gada ce. A hau, a sauka,
a tofar da yawu, a zagi kwandasta.

Sai 'yan fim suka zo tun damina ba ta faɗi ba,
suka sayo ruwan samansu a tanka,
suka ba ni dubu biyar in kau da tebur kwana uku.
Na kau da tebur, na manta buta.
Tana nan cikin fim ɗin, can gefen hagu,
shuɗiya, bakinta a fashe.

Yanzu duk Asabar sai an zo.
Daga Ibadan, daga Fatakwal, har wata daga Kumasi,
kowace da jan mayafi irin na jarumar.
Suna ƙirga matakala da baki:
sha biyar, sha shida, nan ne!
Nan ta tsaya, nan ya saki hannunta.
Sai a ɓata rai, a kalli layin dogo,
a ɗauka, a duba, a goge, a sake.
Mai tallar burodi na bayansu yana jira,
wuyansa na rawa.

Nafi'u, ɗan ƙanena, ya ce ba mu muka fara ba,
wai a Japan har zanen katun ake bin sawunsa,
a biya kuɗin jirgi don ganin wata mararraba.
Na ce Allah ya ba da sa'a.
Shi kuwa ya buɗe sana'a:
hoto ɗari biyu, riƙe buta ɗari.

Wata Laraba, ba ranar baƙi ba,
inuwar wata tsohuwa ta rufe min aiki.
Ƙafa a kumbure, kwana biyu a mota daga Ƙaura Namoda.
Ba ta ƙirga komai ba.
Ta kwance bakin zane, ta fito da wayar jikarta,
fuskar wayar duk ta tsage,
ta ce, "Malam, na ji kana Hausa. Duba min."

Ba jarumar take nunawa ba.
Can bayanta, inda hoto ya dushe,
wani ɗan dako ya gifta da buhun albasa a ka.
Taku huɗu, ya fice.
"Haladu ne. Ka ga yadda yake jan ƙafar dama?
Tun yana tatata na san tafiyar nan.
Shekara bakwai, ko sallahu."

Na kalla. Na mayar baya, na sake kalla.
Ni da nake zaro ƙwayar rairayi daga cikin agogo
ban ga fuska ba.
Buhu na gani, da ruwan tanka.
'Yan dako nawa ke hawa gadar nan kafin azahar?
Da na ce ban sani ba, da gaskiya na faɗa.
Na ce, "Zauna, Inna, rana ta yi."

Tasalla sunanta. Yau kwananta goma sha ɗaya.
Matar mai nama ta ba ta tabarma a soro.
Da sassafe take hawa, tana dafa ƙarfe,
ta zauna a matakala ta sha bakwai,
don daga nan ake hango masu fitowa kasuwa.
Ba fuska take kallo ba.
Ƙafafu.

Jiya Asabar, masu jan mayafi suka zo,
suka roƙe ta da Turanci ta ɗan matsa.
Ba ta ji ba, ko kuwa ta ji.
Haka suka yi hoton da ita a ciki,
su suna kallon layin dogo, ita tana kallon ƙasa.
Nafi'u bai karɓi kuɗin kowa ba.

Ni kuwa agogon wani direba na hannuna tun Litinin.
Na buɗe shi, ban taɓa komai ba.
Duk mai buhu da ya sako ƙafa
sai na ɗaga kai.